Turaren yasmin mai hamamin dabba: ina ake sa shi, kuma nawa ya isa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin turarukan ƙananan gidajen haɗa turare na Turai, irin waɗanda ba a samunsu a kowane kanti. Wata 'yar'uwata da ke karatu a Ingila ta aiko mini da ɗan kaɗan na Salome, na gidan Papillon, a cikin 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Da zarar na shafa, furen yasmin ne yake fara tashi da kauri da zaƙi, amma kafin a jima sai wani abu ya ɓullo daga ƙarƙashinsa mai kama da ɗumin jikin mutum, har da ɗan hamami irin na dabba. Ni dai ya kwanta mini a rai ƙwarai. Maigida ya ce yana da daɗi idan an matso kusa, amma ƙanwarsa da ta shigo gaishe mu ta tambaye ni ko akuya ce ta kwana a falo. Shin irin wannan turare ana fita da shi cikin mutane, ko kuwa na cikin ɗaki ne kawai? Kuma wane adadi ne ya dace a shafa?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, hancin ƙanwar maigidanki bai yi ƙarya ba, naki ma bai yi ba, domin abu biyun duka suna cikin kwalbar. Tun kafin mai haɗa turare ya ƙara komai, shi kansa man furen yasmin yana ɗauke da wani sinadari da ake kira indol, wanda yakan kai kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na man. Wannan sinadari yana nan a cikin bayan gida da kuma kwaltar gawayi, kuma idan aka shinshina shi tsagwaronsa, warin kafur na cikin akwatin kaya yake yi, haɗe da ɗan ɗoyi. Idan aka tsarma shi sosai kuwa, shi ne yake sa hanci ya yarda cewa fure mai rai ake shinshinawa. Akwai kuma wani sinadarin a cikin man, mai suna kiresol, wanda yake ba da ƙamshi irin na bargar doki. Furen yana buɗewa ne da dare, kuma wannan ƙamshi mai nisan zango shi ne yake jawo masa ƙwarin da ke kai masa barbara a cikin duhu.

Manyan kamfanoni sukan kauce wa wannan ɓangaren. Tun da Edmond Roudnitska ya yi amfani da sinadarin Hedione a cikin turaren Eau Sauvage na Dior a 1966, aka samu hanyar yin yasmin mai haske da tsabta, wanda ba ya damun kowa a hanya, kuma irinsa ne ya cika kasuwa a yau. Liz Moores, matar da ta haɗa Salome ta fitar da shi a 2015, ta bi ɗaya hanyar ne da gangan: ta bar indol ɗin a fili, sannan ta ƙara masa kumin, ɗan yajin nan na girkin Larabawa da Indiyawa wanda ƙamshinsa ke kama da gumi, da kuma busasshen fitsari da kashin rema wanda ya daskare ya zama kamar dutse a cikin kogunan duwatsun kudancin Afirka. Saboda haka hamamin da kika ji ba lalacewa turaren ya yi ba, haka aka nufa ya kasance.

Anti Ma'aikaciya:
Malam, na gode da bayani, amma ni bayanin naka ƙara mini ƙarfi ya yi a kan ra'ayina. Idan har sai an yi wa mutum darasin kimiyya kafin ya yarda cewa abin da yake ji ƙamshi ne, to turaren bai yi aikinsa ba. Muna zama mu da yawa a ofis ɗaya, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana juya iska guda tun safe har la'asar. Akwai wata abokiyar aikinmu da ta taɓa zuwa da irin wannan, kuma kafin azahar mai juna biyun da ke cikinmu ta fita waje tana yunƙurin amai, wata kuma ciwon kanta ya tashi. Ba wanda ya iya yi mata magana saboda kunya, ita kuwa tana ganin ta burge. Ƙanwata Maman Biyu, shawarata ita ce kada ki fita da shi ko nan da ƙofar gida. Kuɗin da ake zubawa a kan waɗannan kwalabe ma abin dubawa ne, a ce mutum ya sayi warin akuya da kuɗin buhun shinkafa.

Hajiya Mai Humra:
Anti, a kan maganar ofis ina tare da ke, amma a kan cewa wannan ƙamshi baƙo ne a wurinmu, nan kam mun rabu. Na daɗe ina haɗa humra da turaren wuta, kuma a hannun matan Maiduguri na koya. Duk wadda ta taɓa sayen ɗanyen farce a kasuwa ta san abin da nake nufi. Farce murfin bakin wani dodon kodi ne na teku, kuma idan kika kwance ƙullinsa, ƙarnin da zai buge ki ya fi na busasshen kifi. Sai an jiƙa shi, a kankare ragowar naman da ke manne a bayansa da wuƙa, a wanke a sake wankewa, a shanya, sannan a soya shi har ya yi ja ya kumbura, kafin a daka. Ranar da ake suyarsa maƙwabta sukan sani. Amma humrar da ba farce a ciki, ko an zuba mata sandal da almiski da madarar turare mai tsada, ba ta kama jiki, ba ta kama zane, da yamma sai ki neme ta ki rasa. Kamar daddawa ce a miya: ba mai son ya shinshina ta ita kaɗai, kuma ba mai son miyar kukar da babu ita.

Abin da iyayenmu suka sani, wanda 'yan matan yanzu suke neman mantawa, shi ne humra mai nauyi tana da lokacinta da wurinta. Amarya ake haɗa wa, matar aure take shafawa bayan wankan dare, kuma a fata ake murza ta a bar ta ta kwanta. Ba a taɓa yin ta domin a cika kasuwa da ita ba. Ɗiyata Maman Biyu, ki ɗauki wannan turaren naki a matsayin humrar Turawa, ki ba shi irin mazaunin da kike ba humrarki, za ki ga rigimar ta ragu.

Kawu Basakkwace:
Hajiya ta tuna mini da jibda, wadda yaran yanzu da yawa ba su ma taɓa jin sunanta ba. Maiƙo ne da ake kwasowa daga wata jaka da ke ƙarƙashin wutsiyar tunkun juda, launinsa kamar man shanu idan sabo ne, ya yi duhu idan ya kwana biyu, warinsa kuwa idan ba a tsarma ba sai mai ƙarfin hali. Da can kayan manya ne a ƙasar Hausa. Baturen nan Clapperton, da ya iso Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa ya ziyarci Atiku, ɗan'uwan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar yana kiwon juda wajen 200, kowace a cikin kejinta na katako, ana ciyar da su da dakakkiyar dawa da busasshen kifi, ana kwasar jibdar da ɓawon kodi. Wato tun kafin gidan Guerlain ya fitar da turaren Jicky a 1889, wanda jibda ce ƙashin bayansa, ana wannan sana'a a gidajen sarauta na nan. Har yanzu ana kiwon juda a Habasha domin jibda, kuma daga can ne mafi yawan wadda Turai ta yi amfani da ita ta fito.

Na kawo wannan ne domin Anti ta san cewa hancin kakanninmu bai ɗauki wannan ƙamshi abin ƙyama ba. Hancinmu ne ya sauya, tun da sabulai da omo da turarukan fesawa masu ƙamshin 'ya'yan itace suka koya mana cewa tsabta ita ce rashin jin ƙamshin jiki ko kaɗan.

Anti Ma'aikaciya:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma kakanninmu a zaure da tsakar gida suke zama, iska tana kaɗawa, babbar riga tana shan ƙamshin. Ba su taɓa cusuwa su huɗu a bayan adaidaita sahu cikin zafin watan Afrilu ba, kuma ba su zauna a ɗakin taro mai rufaffun tagogi ba. Ban ce a hana kowa abin da yake so a ɗakinsa ba. Cewa na yi hancin maƙwabci ma yana da haƙƙi, kuma wanda ya shafa shi ne na ƙarshen sanin yawan abin da ya shafa.

Malamin Kimiyya:
Wannan maganar ta ƙarshe ta Anti gaskiya ce da ya kamata a riƙe. Hanci yakan gaji da ƙamshin da ya daɗe yana ji, ya daina kai saƙonsa ga ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai turare yakan ɗauka ya gushe ya ƙara wani a kai, alhali na kusa da shi suna shaƙa. Zafi kuma yana hanzarta tashin sinadaran, gumi yana haɗuwa da kumin ɗin ya ninka shi. Turaren da aka gwada aka daidaita a sanyin Ingila ba zai yi hali ɗaya a Kano ko Yamai ba a lokacin da zafi ya haura digiri 40. A hunturu al'amarin yakan juya: fata ta bushe, turare ya yi saurin barinta, amma hamamin ya lafa, furen ya fi fitowa. Idan da ni ne, da hunturu da daren damina zan ajiye masa.

Ɗalibin Fiƙihu:
Ina neman izinin iyayena da yayyena in taɓo ɓangaren addini, tun da tambayar ta haɗa da fita cikin mutane. Hadisin da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito ya nuna cewa turaren maza shi ne wanda ƙamshinsa ya bayyana launinsa ya ɓuya, na mata kuwa wanda launinsa ya bayyana ƙamshinsa ya ɓuya, kuma malamai sun fassara wannan da lokacin fita, amma a gaban mijinta tana iya shafa abin da ta ga dama. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani game da macen da ta shafa turare ta wuce ta gaban maza domin su ji ƙamshinta, kuma a cikin Muslim an hana wadda za ta masallaci taɓa turare. Saboda haka ga Yaya Maman Biyu, amsar rabin tambayarta tana nan tun kafin a zo maganar hamami.

Sauran rabin shi ne tsarki, domin na san jin kalmar fitsarin rema zai tayar wa wasu hankali game da salla. A mazhabar Malikiyya, fitsari da kashin dabbar da ya halatta a ci namanta masu tsarki ne, matuƙar ba najasa take ci ba, kuma rema tana cikin namun dajin da malaman mazhabar suka lissafa a cikin halal. Almiski kuwa, duk da cewa daga jikin barewa yake fitowa, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira shi mafi daɗin turare. Inda saɓani ya fi yawa shi ne sinadarin barasa da ake narkar da turaren fesawa a cikinsa, wanda wasu malamai suke ganin najasa ne, wasu kuma suke ganin ba haka ba. A nan kowa ya bi malamin da ya natsu da shi.

Yaya ta Faransa:
Na zo a makare, amma bari in ƙara wa ƙanwata abin da zai taimaka mata ta san inda turarenta ya tsaya a cikin danginsa, domin ba duk yasmin mai ƙarfi ne yake da hali ɗaya ba. A gidan Serge Lutens akwai guda biyu da Christopher Sheldrake ya haɗa. A La Nuit, wanda ya fito a 2000, fure ne zalla, kamar an tura kanki cikin kwandon da aka tsinko da asuba, da ɗanyen koren ganye da zaƙin zuma, kuma duk abin da yake da shi na dabba daga furen kansa ya fito. Sarrasins na 2007 ya fi shi duhu da natsuwa, yana da ƙamshin tawada da jemammiyar fata, ruwansa ma shunayya ne, don haka kada wadda ta same shi ta kuskura ta kusantar da shi ga farar shadda ko farin mayafi. Salome ya fi su duka biyun kusanci da fatar mutum, kuma a ganina ya fi kama da tsofaffin turarukan Faransa irin Joy na Jean Patou, wanda Henri Alméras ya haɗa aka fitar a 1930, wanda gidan ya riƙa tallarsa da cewa furen yasmin 10,600 ne suke shiga kwalba ɗaya mai mililita 30.

Game da tsadar da Anti ta ambata, wani ɓangarenta suna ne da kwalba, ba na musu. Amma man yasmin na gaskiya yana da dalilin tsadarsa. A ƙauyen Shubra Balula da ke lardin Garbiyya a Masar, mata da yara suna shiga gona tun tsakar dare da fitila a goshi, suna tsinkar furen ɗaya bayan ɗaya da hannu, domin da rana ta ɗaga ƙamshin yake raguwa. Ana buƙatar fure wajen 8,000 kafin a samu giram 1 na man. Masar da Indiya ne suke samar da mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi, na garin Grasse a nan Faransa kuwa kaɗan ne, kuma kamfanin Chanel ya kama mafi yawansa domin turarensa No. 5. Abin takaicin shi ne masu tsinkar ne suke samun mafi ƙarancin rabo a cikin wannan kuɗi.

Yadda nake sa nawa kuwa, ba na fesawa. Nakan taɓa bakin kwalbar da ɗan yatsa, in ɗiga sau ɗaya a tsakiyar ƙirji ƙarƙashin riga, inda tufafi za su tace shi, in bar wuya da bayan kunne. Kuma nakan ba shi kamar rabin sa'a kafin in shiga cikin mutanen gida, domin a farkon shafawa ne kumin ɗin yake da kaifi, daga baya sai ya kwanta ya bar fure da ɗumi.

Ƙanin Kowa:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma na lura duk maganar a kan mata take. Ni namiji ne, kuma yasmin yana cikin abin da na fi so, amma duk ranar da na shafa sai abokaina su ce na ɗauki turaren matata. Shin akwai laifi namiji ya sa irin wannan?

Kawu Basakkwace:
Ɗana, abokanka ba su san abin da iyayensu maza suka shafa ba ne. Binta Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920 kuma aka daɗe ana ɗura shi a Kano, yasmin na cikin manyan furannin da aka gina shi a kai, kuma dattawa da malamai sun shafa shi a gemu da wuyan riga zuwa masallacin Juma'a ba tare da wani ya ɗaga gira ba. A Indiya da ƙasashen Larabawa ma maza suna shafa man yasmin. Raba fure a ce na mata ne, itace na maza, tsarin 'yan kasuwar Turai ne. Sai dai ka ji abin da Anti ta faɗa, domin sahun salla ya fi ofis matsi, kuma wanda ke kafaɗa da kafaɗa da kai ba shi da inda zai gudu. Mai hamami sosai irin na Maman Biyu, ni ba zan kai shi sahu ba.

Anti Ma'aikaciya:
To, ko banza Kawu ya dawo layina a kan masallaci. Amma akwai abin da har yanzu yake damuna. Juda da ake tsarewa a keji tsawon rayuwarta ana matse ta, wannan ba zalunci ba ne? Don kakanni sun yi, ba shi ne ya sa ya zama daidai ba.

Malamin Kimiyya:
Anti, ƙorafinki ya daɗe da isa kunnen masu sana'ar. Ƙungiyoyin kare dabbobi sun yi ta suka a kan yadda ake tsare juda a Habasha cikin kejin da ko juyawa ba ta iya yi sosai, kuma Chanel ta ce ta daina amfani da jibdar gaske tun 1998. Mafi yawan abin da ake kira jibda ko almiski a turarukan yau haɗin ɗakin gwaji ne, barewar miski kuwa tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Dalilin da ya sa ƙananan gidaje suka karkata ga dutsen rema ke nan: tsintarsa ake yi a inda dabbobin suka yi shekaru aru-aru suna taruwa, ba a kama ko ɗaya, ba a taɓa ta. Wanda abin ya dame shi yana iya rubuta wa gidan turaren ya tambaya, domin ƙananan gidaje sukan amsa.

Hajiya Mai Humra:
Ƙarin jan kunne ga masu sha'awar gwadawa bayan karanta wannan zance. Yanzu masu ɗura turare a ƙananan kwalabe sun yi yawa a Instagram da WhatsApp, kuma ba duka ne masu amana ba. Wata mai sayen humra a wurina ta kawo mini abin da aka sayar mata da sunan ɗaya daga cikin waɗannan turaruka, da na shinshina sai na ji madarar yasmin ce ta kasuwa aka tsinka, ba ɗumi ba zurfi, ga hawa kai. Ku nemi ganin uwar kwalbar da aka ɗebo daga ciki, kuma ku fara da mafi ƙanƙanta. Sannan a ajiye shi a cikin durowa, nesa da taga da saman firji, domin zafinmu yana juya man fure ya yi tsami. Kada kuma a haɗa shi da humra ko a turara kaya da turaren wuta a ɗora shi a kai. Kowannensu sarki ne, ba sa zama a fada ɗaya.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Zan bar shi a gida, in bi hanyar ɗigo ɗaya da Yaya ta Faransa ta kwatanta. Yaya, tun da A La Nuit ba shi da kumin, shin kina ganin zai fi sauƙi a zaman biki na mata zalla, ko shi ma yana cika ɗaki?

Yaya ta Faransa:
Yana cika ɗaki, ƙanwata, har ma ya fi Salome nisan zango a sa'ar farko, sai dai abin da yake kai wa mutane fure ne, don haka ba wadda za ta yi miki maganar akuya. Idan zaman a tsakar gida ne ko a ƙarƙashin rumfa, ɗigo ɗaya ya wadatar. Idan kuwa a rufaffen zauren biki ne da za a kunna kasko ana turara amarya, ki bar shi a gida, domin hayaƙin zai danne shi, ki yi asarar turarenki a banza.